Yadda na gyara tsayuwata

Wuni nake tsaye a shago nan babbar kasuwar Sakkwato, da la'asar kugu ya riƙe, ruku'u ma sai da dabara. Ƙanena ya ɗauke ni hoto ta gefe ban sani ba, wallahi wuya ya yi gaba kamar na kunkuru, nauyi duk kan ƙafar dama, ashe shi ya sa takalmin dama ke saurin cinyewa. Sai na jingina da bango, ɗuwawu da kafaɗu da ƙeya su taɓa, tafin hannu kaɗai ya kamata ya shige bayan kugu, ni kuwa har dunƙule ke wucewa! Yanzu bayan kowace sallah ina yin haka minti biyu ina ɗan matse ciki, na kuma aje bulo ƙarƙashin kanta ina ɗora ƙafa ina canzawa. Sati uku kenan, kugun ya lafa.