Yadda Ɗalibin SIWES Zai Yi Rajistar Kayan Tarihi

Ɗaliban SIWES (shirin tura ɗalibai koyon aiki a wuraren aiki) da ake turowa gidajen adana kayan tarihi a Bauchi sun yi ta tambayar yadda ake karɓar abin da wani ya kawo. Ga matakan:

1. Wanke hannu, ka shanya shi ya bushe sarai.
2. Sa safar hannu in kayan ƙarfe ne, kamar takobi ko mashi. Gumin hannu na jawo tsatsa. Tsohon rubutun ajami kuwa, hannu tsirara ya fi, don safa na sa takarda ta yage.
3. Ɗauki abin da hannu biyu, daga ƙasansa. Kada ka ɗaga tulu ta wuya.
4. Tambayi wanda ya kawo: daga wane gari, wa ya ƙera, me ake yi da shi. Rubuta nan take, kafin ya tashi ya tafi.
5. Ba wa abin lamba: shekara, lambar karɓa, lambar abu, misali 2025.4.1.
6. Auna tsawo da faɗi da santimita.
7. Ɗauki hoto da rula a gefensa.

Hattara: a nan ake yawan ɓarna. Kada ka wanke shi, kada ka shafa masa mai don ya yi ƙyalli. Biro ma haramun ne a kusa da kaya, fensir kawai.

8. Ɗaura takardar lamba da zaren auduga, ba da salatif ba.
9. Duba kayan fata da ƙwarya ko akwai garin da ƙwari ke bari in sun ci abu. In ka gani, ware shi daban.
10. Kai wa mai kula da sashe abin da ka rubuta ya sa hannu, sannan ka cike littafin aikinka na ranar.