Yadda Ake Ci Gaba da Tuƙa Jirgin Ruwa Mai Ƙyalle a Hunturun Ingila

Da Oktoba ta ƙare, yawancin masu ƙananan jiragen shaƙatawa a kudancin Ingila sukan sa a ɗaga jiragensu a ajiye a tudu, sai Afrilu. Ni nawa a ruwa yake kwana. Mashigin Solent, ruwan da ya raba tsibirin Wight da Southampton da Portsmouth, a watan Agusta ba masaka tsinke, amma a Janairu sai ka yi awa guda ba ka gamu da kowa ba sai jirgin fito. Na ga sababbin hannu da yawa, har da 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kawo nan, sun fita sau ɗaya a Disamba, sun dawo jiki na kyarma, daga ranar ba su ƙara ba. Kusan dukkansu abu ɗaya ne ya kayar da su. Ba zan tsaya kan ƙulla igiya ko karanta taswira ba. Wanda bai iya waɗannan ba ya jira lokacin zafi.

Fara da takardar inshora. Wasu kamfanoni ba sa yarda jirgi ya yi hunturu ɗaure a tsakiyar kogi, sai dai a tasha ko a tudu. Karanta sharaɗin tun a Satumba. Abin daɗin shi ne tashoshin ƙananan jirage sukan karya kuɗin wuri daga Nuwamba zuwa Maris, ga wutar lantarki a gefen jirginka. Ka yi ciniki, a lokacin su ke neman mutane.

Sai zaɓen rana. A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 8, ta faɗi wajen ƙarfe 4. Ni ƙa'idata, ƙarfe 3 ta same ni na ɗaure jirgi. Saurari hasashen yanayin teku na hukumar Met Office, wanda BBC Radio 4 ke karantawa, ka kasa kunne ga yankin Wight. Idan an ambaci iska ta wuce mataki na 5 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, zauna gida ka sha shayi. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi: a digiri 0 na ma'aunin Celsius ta fi ta digiri 20 da kusan kashi 7 cikin ɗari, ga kuma ta hunturu zuwa take da fizga. Duba jadawalin cikar teku da janyewarsa. Idan iska da ruwa suka saɓa hanya a ƙuncin Hurst, can yammacin mashigin, igiyar ruwa tsaye take miƙewa.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, kuma nan ni ma na faɗi: hannuwa.

Wata Asabar cikin Janairu muna dawowa daga garin Cowes na tsibirin Wight za mu shiga kogin Hamble, ni da abokina. Mun fita da ƙyalle a buɗe gaba ɗaya don safiyar ta yi lumus. Bayan azahar iska ta taso. Na tafi gindin sandar jirgi in rage ƙyallen, aikin da nake gamawa cikin minti biyu a Yuli. Na kama igiya, ido na ganin yatsuna a kanta, amma ba na jin komai. Na ce su lanƙwasa, suka ƙi. Jirgi ya kwanta a gefe ɗaya, ruwa na hawowa, ni kuma ina can gaba ba abin da ya ɗaure ni da jirgin. Sai da na cusa hannuwa a hammata na ɗan lokaci kafin na iya ja. Allah ya kiyaye ranar.

Saboda haka duk aikin da ke buƙatar yatsu, gama shi jirgi na ɗaure. Rage ƙyallen tun a tasha, ko da kana ganin iskar ba ta kai ba. Sake shi daga baya ba wuya, rage shi cikin sanyi ne tashin hankali. Shimfiɗa igiyoyi yadda za ka ja su daga mazaunin matuƙi ba sai ka je gaba ba. Dafa shayi ka zuba a filas, yanka burodi, buɗe duk ledar da za ka buɗe. Safar hannu biyu nake ɗauka, uku ma in da hali, domin wadda ta jiƙe ta gama aiki. Kada ka kashe kuɗi kan masu tsada na kantin kayan jirgi. Ta roba mai gashi a ciki, irin ta masunta, ta fi su duka, kuma kuɗinta bai kai rabin nasu ba. Ku riƙa karɓar tuƙi duk rabin awa, wanda ya sauka ya shiga ciki ya ɗumama. Sanyi ba yatsu kaɗai yake kashewa ba, har tunani yake dakushewa. Idan abokin tafiyarka ya yi shiru, ko maganarsa ta fara nauyi, juya akalar jirgi gida nan take.

Tufafi kuwa, auduga haramun ce a wurina a kan ruwa. Tana shan zufa ta riƙe, ta zama kamar ka yafa jiƙaƙƙen tsumma. Sa ulu a jikin fata, rigar sanyi a kai, sannan wadda ruwa ba ya ratsawa. Hula ta rufe kunne.

Rigar ceto a sa ta tun daga mota, da igiyar nan da ke bi ta tsakanin cinyoyi a ɗaure, in ba haka ba rigar sama za ta yi ta bar ka. Dalilin sa ta da wuri shi ne katakon tasha, wanda ake takawa a isa jirgi. Raɓa takan daskare a kansa da dare, santsinsa ya fi na sabulu. Ɗebo ruwan teku a bokiti ka watsa a kan katakon da saman jirgi, gishirin zai narkar da ita. Ruwan nan a Fabrairu bai kai digiri 10 ba, kuma ƙungiyar ceto ta RNLI tana gargaɗi cewa duk ruwan da ke ƙasa da digiri 15 yana fizge numfashin mutum. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya tsara abin da lamba uku: minti 1 na daidaita numfashi, minti 10 da gaɓoɓi za su yi maka aiki, kimanin awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai. In ka faɗa, kada ka yi iyo. Kwanta rigingine har numfashi ya dawo. Rediyon hannu ya kasance a aljihunka, a kan tasha ta 16, ta kiran agaji.

Batirin jirgi yana rauni da sanyi, ka caje shi tun daren da washegari za ka fita. Tankin dizal ya zauna a cike don kada gumi ya taru a ciki. Kada ka kunna risho don ɗumama ɗakin jirgi a rufe. Abin da kaskon gawayi ke yi wa mutane a rufaffen ɗaki da hunturu a gida, shi zai yi maka a nan. Sayi na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru.

Da ka dawo, tsiyaye ruwan sha daga bututu kada ya daskare ya fasa su, kwashe katifu da jiƙaƙƙun kaya ka kai gida, bar ƙofofin kabad a buɗe iska ta zaga, ninka igiyoyin ɗauri saboda guguwar tsakiyar mako. Sannan ka kira wanda ka gaya wa lokacin dawowarka, ka ce masa kun sauka lafiya.