Kurakuran masu sayen tsohuwar buɗaɗɗiyar mota, da misalin Peugeot 504 Cabriolet

Duk wanda ya turo mini hoton tsohuwar buɗaɗɗiyar mota yana neman shawara, kusan da magana ɗaya yake farawa: "Malam, inji lafiya lau, bugu ɗaya take tashi." Sai ya biyo da bidiyon salansa tana numfashi, da hoton fenti yana ƙyalli a rana. Hoton ƙarƙashin motar kuwa babu. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a waya, shi ya sa na ga gara in rubuta. Zan yi misali da Peugeot 504 Cabriolet domin ita ta fi yaudarar mutanenmu, amma yawancin abin da zan faɗa ya hau kan Marsandi SL ta 1971 zuwa 1989, da MGB ta Ingila, da duk wata tsohuwar mota mai rufin tamfol.

Mu 'yan arewa mun san inji, ba mu san tsatsa ba. Ƙasarmu busasshiya ce, mota sai ta yi shekara talatin a Kano ko Damagaram rana ta cinye fentinta, kujerunta su tsattsage, amma ƙarfenta na nan garau. Da wannan idon muke kallon motar da ta fito daga Faransa ko Jamus, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Gishirin nan da laka su ne ke shiga lungunan ƙarfe su zauna, su riƙa ci daga ciki zuwa waje. Lokacin da ka ga ƙuraje sun taso a jikin fenti, ciki ya daɗe da ƙarewa.

A mota mai rufin ƙarfe, rufin na taimakawa wajen riƙe gaba da baya. Buɗaɗɗiya ba ta da wannan gatan. Ƙarfinta yana dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan da ya taso daga bayan tayar gaba ya nufi tayar baya, sai kuma daɓen da ka ɗora ƙafa. In waɗannan suka ruɓe, motar na lanƙwasawa a tsakiya, ko da injinta sabo ne dal. Saboda haka kuskure na farko, kuma mafi tsada, shi ne buɗe bonet kafin a durƙusa. Ni yanzu ba na ma bari a tayar da mota sai na gama da jikinta. Ina duba tazarar ƙofa: in ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, ko ƙofar sai an ɗaga ta kafin ta rufu, akwai magana. Sai in sa a ɗaga tayar baya guda da jak, in buɗe ƙofofin in rufe. Lafiyayyar mota ba ta damuwa da wannan. Wadda ta ruɓe, ƙofar za ta cije, wani lokaci ma wurin sa jak ɗin ne zai lotsa yana zubar da jan gari. Daga nan in ɗaga kafet, gaba da baya, in fitar da safaya in leƙa ƙasan but, in haska tocila cikin kwarin tayoyi. Buɗaɗɗiyar mota ba ta rabuwa da ɗigar ruwa, kuma kafet riƙe danshi yake yi, don haka daɓe na ruɓewa ta sama da ta ƙasa.

Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ka naɗe shi da ƙyalle kada ya karce fenti. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, an cika da bodi fila. A Marsandi SL ƙara da bangon da ya raba inji da cikin mota, ƙarƙashin fankar hita, domin ruwa na taruwa a wurin ba a gani, kuma gyaransa sai an wargaza gaban motar kusan gaba ɗaya.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Na taɓa sayen ɗaya ta hannun dillali, da hotuna kawai, fara sol, sabon fenti. Mutumin yana ta rantsuwa: "Alhaji, wallahi ko allura ba ta taɓa jikinta ba, tsoho ne ya ajiye ta a gareji." Damina ɗaya ta yi a hannuna dokin ƙofar direba ya fara kumbura. Mai gyaran jiki ya ɗora sukundireba a wurin, bai ma danna da ƙarfi ba, sai ga ta ta nutse har mariƙi. Da ya yanka, abin da muka zaro shi ne ragar waya irin ta kejin kaji, da tsohuwar jarida ta Faransanci an dunƙule an cusa, sannan aka lafta fila mai kaurin yatsa a kai aka goge sumul. Kuɗin walda da na kashe ya wuce kuɗin da na sayi motar, kuma dillalin ya riga ya ci la'adarsa, wayarsa ma ta daina shiga. To don Allah, wa ya aike ka sayen motar da ta haura shekara arba'in ba ka shiga ƙarƙashinta ba? In tana Kwatano ka je Kwatano. In tana Turai ka biya wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya hau da ita kan rami ya ɗauko maka bidiyo. Sabon fenti a kan tsohuwar mota ni tsoro yake ba ni. Na fi son in ga mai koɗaɗɗen fentinta na asali, ko ba komai ina ganin gaskiyar abin da zan saya.

Kuskure na biyu namu ne na gida, kuma shi ya sa na zaɓi wannan motar. Mutum ya ji an ce 504 sai zuciyarsa ta kwanta. Ai Fijo ce, tamu ce, a Kakuri ta Kaduna kamfanin PAN ya yi ta haɗa ta tun 1975, kayanta ko a Panteka ko a Kofar Ruwa sai ka zaɓa. Wannan gaskiya ne ga salun da wagon da a-kori-kura. Cabriolet daban take. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Janeba a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta kuma shi ke ƙera jikinta a yankin Turin, sannan a kai Sochaux a Faransa a ɗora inji. Ta fi salun gajarta tsakanin tayar gaba da ta baya da kusan santimita 19, kuma ba ƙofa, ba bonet, ba gilashin gaba, ba fitilar salun da za ta zauna mata. Har aka daina ƙera ta a 1983, kimanin dubu takwas kacal aka yi. Ka ga kenan fitilar baya guda ɗaya, irin ta samfurin farko mai gida uku a karkace, sai ka yi watanni kana nema a intanet, in ka samu kuma da kuɗin Yuro za ka biya. Samfurin farko fitilun gabansa huɗu ne a rarrabe, daga ƙarshen 1974 aka haɗe su, don haka ko tsakanin su kansu ba komai ke shiga ba.

Shi ya sa in mai mota ya ce maka "ƙananan abubuwa ne kawai babu", ka ɗauki biro ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya: ƙarfen ado na gefe, mariƙin ƙofa, bamba, makullan rufi, agogon gaban direba. Ka nemi farashin kowanne kafin ka taya. Ni a wurina mota mai mataccen inji amma cikakkiya ta fi mai tashi da bugu ɗaya wadda aka yi wa fashin kayan ado. Inda dangantaka da 504 ta gida ke amfani shi ne cikin inji mai silinda huɗu, domin dangi ɗaya ne da wanda bakanikenmu ya sani, kuma da yawa daga kayan cikinsa ana samu.

Ko a nan ma da sauran rina a kaba. Injin mai silinda huɗu na Cabriolet ba da kafireto ya zo ba, famfon feshin mai na Kugelfischer ne a jikinsa, na'ura ce ta ƙarfe zalla mai buƙatar saiti na ƙa'ida. Abin da ke faruwa kullum: motar ta fara shan mai ko tana tari, bakanike ya taɓa nan ya taɓa can, ya ƙara rikita ta, sai ya ce, "Oga, wannan abin wahala ne, mu cire mu sa kafireton salun." Kai kuma ka yarda, ya cire, yaron shago ya sayar wa 'yan gwangwan da famfon. Ka yi asarar abin da ke ba motar daraja, kuma sau da yawa laifin ba na famfon ba ne, dattin tanki ne, ko matatar mai ta toshe, ko famfon lantarki da ke turo mai ya gaji. A fara da wanke tanki. In dole sai an sa kafireto don mota ta motsa, to a zuba wa tsohon famfon mai, a naɗe shi, a sa a kwali tare da bututunsa duka, ka kai ɗakinka ka ajiye. Akwai kuma mai silinda shida, wadda aka yi daga 1974 zuwa 1977, ba su kai dubu ba. In an ce maka ita ce, ka gwada lambar jikin mota da ta takarda, domin dasa inji ba wuya gare shi ba.

Rufi kuma mutane tamfol ɗin suke kallo. Tamfol mai ɗinkin kujerun mota da ya ƙware zai iya yi, ko a yi odar sabo. Ƙarafan da ke naɗewa su ne abin dubawa: in sun lanƙwashe ko an yi musu waldar gangan, rufin ba zai taɓa zama daidai a kan gilashi ba. Ka sa a buɗe a rufe a gabanka, kai ma ka gwada da hannunka. Mai motar da ya ce "a bar shi a naɗe, zai ɓata mana lokaci" yana ɓoye wani abu. In ka samu hali ka watsa mata bokitin ruwa ka zauna a ciki. Bayan ka saya, kada ka naɗe rufi yana jiƙe, kada kuma ka bar shi a naɗe wata da watanni, domin zafinmu na sa shi ya tsuke, ranar da ka zo rufewa ya ƙi kaiwa, ka ja ya yage. Robar tagar baya ma rana na mayar da ita ruwan ɗorawa ta dushe. Inuwa ce maganinta.

A wajen gyara, abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ke fara wa da fenti da kujerun fata saboda yana son fita da ita ranar sallah. Tsarin da nake bi: walda, birki, inji, waya, sannan fenti, kujeru a ƙarshe. Kuma kafin mai walda ya yanke dokin ƙofa, sai ya gitta ƙarfe ya ɗaure bakin ƙofar daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ya yi gefe ɗaya ya gama kafin ya taɓa ɗayan. In ya yanka haka kawai, motar za ta sunkuya, ya walde ta a sunkuye, ƙofa ba za ta sake rufuwa daidai ba har abada. Yawancin masu waldarmu ba su saba da wannan ba domin motoci masu rufi suke gyarawa. Ka tsaya a kansa, ko da zai ce ka cika sa ido. Ka kuma hana shi ɗora sabon faranti a kan ruɓaɓɓe, a yanke ruɓar har sai an kai ga farin ƙarfe.

Sauran gajeru ne. Kada ka wargaza mota ba ka ɗauki hoton kowane lungu ba, kuma kowane rukunin kusoshi a ledarsa da suna. Motar da ta yi shekaru a ajiye ba a sa mata batir a murza makulli, a zubar da tsohon fetur da baƙin mai, a cire filogi, a juya injin da hannu tukuna. Kada ka yarda a cire abin daidaita zafin ruwa a jefar da sunan wai ƙasarmu da zafi, a wanke lagireto, kuma a daina zuba ruwan rijiya zalla. Taya mai kyan zane na iya zama tsohuwa, lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta mako da shekarar ƙira suke nunawa. Bututun birki na roba a canza su duka ba tare da jayayya ba. MGB da yawa sitiyarinsu a dama yake, Nijeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, don haka ka nemi mai sitiyari a hagu. Kwastan na da ƙa'ida kan shekarun motar da ake shigowa da ita, ka je ka ji matsayin taka daga bakinsu kafin kuɗinka ya bar hannunka, ba bayan mota ta sauka a tashar ruwa tana tara kuɗin ajiya ba.