Kaurin Miya Ba Sai da Gari Ba

Tun da likita ya ce maigidana ya rage sitaci saboda ciwon suga, na daina kaɗa miya da filawa ko sitacin masara. Babban cokali ɗaya na sitacin masara kusan giram 7 ne na sitaci zalla.

Kuka na fi dogara da ita. Nakan sayo mai kore shar a kasuwar Kejetia ta Kumasi, in tankaɗe. Ki bari romon ya tafasa, ki rage wuta, sai ki riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan kina kaɗawa da maburgi. In kika zuba gaba ɗaya, gudaji za ta yi, kuma ba ta gyaruwa. Cokali biyu ya ishi tukunyar mutum huɗu.

Busasshiyar kuɓewa da ayoyo ma haka, yauƙinsu ya wadatar. Agushi kuwa ki kwaɓa da ruwa, ki soya a manja har ya dunƙule.

Gyaɗa ce ke son lura, 'yar'uwa. Na taɓa sayen markaɗaɗɗiya a nan Aboabo, ashe an haɗa ta da gari. Yanzu da kaina nake soyawa in kai inji. Cokali uku nake sakawa, in bar murfi a buɗe ruwan ya tsotse.