Shawara ga sababbin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙannenmu da suka baro ƙauye zuwa karatu a Dutse, don Allah kada ku ƙare shekara tsakanin aji da ɗakin kwana kawai.

In kuna son hawa duwatsun da suka kewaye garin, ku bari sai hunturu, daga Disamba zuwa Janairu. Ku fita da hantsi, sanyi ya ɗan sake, ku riƙe ruwa, ku sa takalmi sau-ciki, ba silifa ba. Da damina kuwa ku haƙura, dutse in ya jiƙe santsi gare shi, ga ciyawa ta rufe ramuka, macizai na fakewa a ciki. Kuma kada mutum ya hau shi kaɗai, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora.

Da rani ku nemi dabinon Dutse sabon yanka, ku kai wa Inna da Baba tsaraba.

Wanda Sallah ta riske shi a makaranta ya je Garu, unguwar da fadar Sarkin Dutse take, kallon hawan Sarki. Masu ɗan kuɗin mota su haɗa kai ranar Asabar su leƙa Birnin Kudu, su ga zanen mutanen da a jikin duwatsu.