Yadda Ake Tsara Takunkumin Numfashi da Robar Hanci Don Majinyata

Kafin ka zana komai, ka tantance aikin da takunkumin zai yi, domin ayyuka biyu ne da ba sa haɗa hanya. Akwai wanda ƙarin iskar oksijin kawai yake kai wa majinyaci, kamar robar hanci mai ba da lita 1 zuwa 6 a minti ɗaya, ko takunkumin roba na gama-gari. Wannan ba ya buƙatar ya manne wa fuska. Akwai kuma wanda zai riƙe matsin iska, irin na na'urar CPAP (mai hura iska da matsi ba yankewa don hanyar numfashi ta zauna a buɗe), wanda dole ya rufe ruf. Dokokin na farko ba sa aiki a kan na biyu, kuma cakuɗa su yakan jawo kurakurai a gadon asibiti.

Abu na biyu shi ne fuska. Da ma'aunin kalifa, mai baki biyu da ke kama abu ta gefe da gefe, za ka ɗauki tsawon fuska daga kwarmin da ke tsakanin idanu zuwa ƙasan haɓa, sai faɗinta daga ƙashin kunci zuwa ɗan'uwansa. A kan waɗannan awo biyu hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta gina rukunin mutanen da ake gwada takunkumi a kansu. Amma takunkumin majinyaci yana buƙatar ƙari: faɗin hanci daga gefe zuwa gefe, tudun karan hanci, girman kowace ƙofar hanci, da kaurin shingen da ya raba su. Ka auna mutanen da za su sa kayan da gaske. Takunkumin da aka zana a kan dogon hanci siriri, idan ya hau hanci mai faɗi wanda karansa ya kwanta, yakan bar kafa a gefen idanu, ya kuma matse gefen hancin har ƙofofin su tsuke. Girma uku ko huɗu ya kamata a fitar, kuma kada ƙaramin ya zama babban ne kawai aka rage, domin fuska ba ta ƙanƙancewa daidai-wa-daida ta kowane ɓangare.

Lissafin da ke hana miki

Da santimita na ruwa ake auna matsin iska: matsin santimita 10 na ruwa daidai yake da nauyin giram 10 a kan kowane murabba'in santimita. Idan bakin takunkuminka ya kewaye murabba'in santimita 50 na fuska, iska tana ture shi da ƙarfin rabin kilo. Ka ɗaga matsin zuwa 20, ya zama kilo guda. Wannan nauyin madauri ne zai riƙe shi, fata ce kuma za ta ɗauka. Shi ya sa rage faɗin wurin da takunkumi ya kewaye ya fi ƙara ƙarfin madauri amfani nesa ba kusa ba.

Ƙananan jijiyoyin jini na fata suna fara toshewa idan matsi ya wuce kimanin milimita 32 na ma'aunin jini. A karan hanci babu tsoka, fata ce a kan ƙashi, don haka nan miki ke fara fitowa, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. Maganinsa a zane yake. Ka yi leɓen takunkumin hawa biyu. Na ciki mai ɗan kauri, shi ke riƙe siffa. Na waje siririn silikon ne, ƙasa da rabin milimita, wanda aka lanƙwasa bakinsa ya kalli ciki. Iska na shiga sai ta hura shi ya kwanta a kan fata, kuma duk lokacin da matsi ya ƙaru, riƙonsa ƙaruwa yake yi da kansa. Wato iskar ce ke rufe takunkumin. A daidai karan hanci ka ƙara sirance leɓen, ka zurfafa kwarminsa, ka tura nauyin zuwa ƙashin kunci da goshi inda jiki zai iya ɗauka.

A nan ne ake yawan ɓata aiki mai kyau. Mai jinya ya ji iska na tsiyaya, sai ya ja madauri. Leɓen waje ya murƙushe, ya yi tattara, iska ta sami sabuwar hanya, sai a sake ja. Don haka ka tsara madaurin da zai hana wannan: faɗinsa ya isa ya baza nauyi, ya ja ta kusurwa huɗu, ya bi ƙasan ƙeya don kada ya zame, kuma idan an ɗaura shi daidai yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinsa. Ka sa maɓalli mai saurin cirewa da hannu ɗaya saboda amai. Idan kana son maɓallin maganaɗisu, ka sani yana iya rikita na'urar da aka dasa wa mai ciwon zuciya, kuma an fitar da gargaɗi a kan wasu takunkumai a 2022 saboda wannan haɗarin.

Inda numfashin da aka fitar zai bi

Babban mutum yana shaƙar kimanin mililita 500 a numfashi ɗaya, kuma kusan 150 daga ciki ba ta kaiwa inda jini ke karɓar iska. Duk sararin da ke cikin ƙoƙon takunkumi ƙari ne a kan wannan. Idan ba a kore gurɓatacciyar iskar da ta taru a ciki ba, ita majinyaci zai sake shaƙa, ya tashi da ciwon kai da magagi, mai ciwon huhu kuwa abin ya fi haka muni.

A takunkumin oksijin na gama-gari, ramukan gefe ne mafita, kuma kada gudun iska ya gaza lita 5 a minti. Ka rubuta wannan a jikin ledar da za a saka takunkumin. Takunkumi mai jaka a ƙasa yana son lita 10 zuwa 15, yadda jakar ba za ta lotse ba idan an ja numfashi. A takunkumin CPAP mai tiyo ɗaya kuwa, da gangan ake huda ramukan yoyo. A matsin santimita 4 na ruwa suna fitar da wajen lita 20 a minti, a matsin 20 kuma sama da lita 40, domin idan matsi ya ninka huɗu, yoyo sau biyu kawai yake ninkawa. Saboda haka a mafi ƙarancin matsi za ka gwada ko ramukan sun isa, nan ne haɗarin yake. Ƙananan ramuka masu yawa sun fi babban rami ɗaya shiru, amma idan suka cika ƙanƙanta, raɓa da majina za su toshe su. Ka sa su a jikin ƙoƙon kusa da hanci, yadda sabuwar iska za ta ratsa sararin kafin ta fita, kuma su fuskanci nesa da idanu.

Duk takunkumin da ya rufe baki da hanci tare dole ya sami bawul na ceto: ɗan murfin silikon da iskar na'ura ke turawa ya rufe wata ƙofa, idan matsi ya faɗi ƙasa da kimanin santimita 3 na ruwa sai ya saki, majinyaci ya shaƙi iskar ɗaki. A wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ɗan murfin shi ne tsakanin majinyaci da shaƙewa. Ka gwada shi a jiƙe, ka gwada shi takunkumin na kife, domin jiƙaƙƙen silikon yana mannewa. Sannan ka bambanta launin gwiwa, wato lanƙwasasshen mahaɗin tiyo, tsakanin takunkumi mai ramuka da marar ramuka. An saba ba marar ramuka shuɗi, don kada a haɗa shi da tiyo ɗaya cikin dare, gurɓatacciyar iska ta rasa mafita.

Robar hanci

Ƙahonni biyun da ke shiga hanci su ɗan lanƙwasa ƙasa, su bi hanyar hanci, bakinsu a murje ba kaifi. Girmansu ya danganta da aikin. A na'urar iska mai gudu sosai, wadda ke kai lita 60 a minti da ɗumin digiri 37, ƙahon kada ya cika fiye da rabin ƙofar hanci, ragowar ita ce mafitar iska. A CPAP na jarirai akasin haka ake so: ƙahon ya cika ƙofar, ba tare da fatar gefen ta yi fari ba.

Ka yi hattara da ramin ciki. Idan ka rage faɗin bututu da rabi, tirjiyar da iska ke gamuwa da ita na iya ninkawa sau 16. Don haka ƙahon ya zama gajere, bangonsa siriri, raminsa mai faɗi. Bakwaini mai kilo ɗaya mililita 4 zuwa 6 kacal yake ja a numfashi guda, kusan cikin ƙaramin cokali, don haka sararin da babba ba zai ko lura da shi ba, ga wannan jaririn rabin numfashinsa ne. Gadar da ta haɗa ƙahonnin kuma ta tsaya kimanin milimita 2 daga shingen hanci. Idan ta zauna a kansa, naman wurin yana iya mutuwa, kuma wani tabon ba ya gyaruwa sai da tiyata. Nauyin tiyo hula ce za ta ɗauke shi, kada a bar wa hanci.

Kayan haɗi da gwaji

Leɓe da ƙahonni, silikon na asibiti. Ƙoƙo, roba mai tauri da ake gani ta cikinta, don a hango amai da launin leɓɓa. Robar PVC tana da araha, amma ga jarirai a guji wadda aka tausasa da sinadarin DEHP. Mahaɗin tiyo kada ka ƙirƙiro naka: milimita 15 da 22 ne bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 5356-1. Takunkumin CPAP yana ƙarƙashin ISO 17510, lafiyar kayan ga fata ISO 10993, hanyar da iska ke bi kuma ISO 18562.

Ka fara gwaji a kan gunkin kai: yoyo a kowane matsi, faɗuwar matsi idan iska na gudu, da yawan gurɓatacciyar iskar da ke komawa. Daga nan sai mutane, a kwance, a rigingine da kuma ta gefe, har da masu gemu da tsofaffin da haƙoransu suka zube kumatu suka faɗa. Ga mai cikakken gemu, abin da ke zama a bakin ƙofar hanci ya fi rufewa. Bayan an cire takunkumin, kada ka tsaya neman ja a fata, domin a baƙar fata jan ba ya fitowa da wuri. Ka taɓa wurin: ɗumi, tauri, kumburi, ko duhun da ya bambanta da kewayensa. A takardar bayani kuma ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a shafa basilin ko wani mai a hanci ana kan oksijin, ko da hunturu ya busar da shi, saboda mai da oksijin suna saurin kama wuta. Abin shafawa mai ruwa-ruwa ake amfani da shi, tare da kwalbar jiƙa iska idan gudun ya wuce lita 4.