Yadda Ake Tantance Manhajar Riga-kafin Kwamfuta Kafin a Saya

Masu tallar sabbin manhajojin riga-kafi suna cewa an daina yayin tsofaffin. Hujjarsu ita ce tsohon salo da kundin alamomin bairos ɗin da aka riga aka kama yake aiki, don haka wanda aka ƙirƙira yau, ko wanda ya laɓe cikin PowerShell (manhajar ba da umarni ta Windows) bai ajiye fayil ba, sai ya wuce salin-alin. Sabon salo kuwa take-taken manhaja yake sa wa ido: in ta fara kulle ɗaruruwan fayiloli a jere, sai ya taka mata birki. Da gaskiyarsu, amma yanzu hatta Microsoft Defender da ke zuwa kyauta a Windows 10 da 11 ya haɗa salon biyu. Gwaji ne zai raba gardama.

Fara da rahotannin cibiyoyin gwajin riga-kafi, AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya, na watanni da dama a jere. Duba yawan abin da manhajar ta kama, da yawan fayiloli masu lafiya da ta yi wa ƙazafi, da nauyin da take ɗora wa kwamfuta.

Sai abin da aka fi sakaci da shi: ƙarfinta in babu intanet. Manhajoji da yawa sai sun tuntuɓi sabar kamfaninsu kafin su yanke hukunci, kuma AV-Comparatives tana fitar da makin da suka ci da intanet daban, ba intanet daban. Kwamfutar shagon buga takardu da ke karɓar filashin kowa, data kuma yau akwai gobe babu, maki na biyun ne ya shafe ta.

Daga nan girka ta gwaji a kwamfuta ɗaya, bayan ka cire tsohuwar, domin biyu a tare karo suke yi, na'ura ta riƙa sanƙarewa. Sauko da fayil ɗin EICAR, haruffa 68 ne marasa illa da aka tsara don riga-kafi ta ɗauke su kamar bairos, ka ga ko za ta cafke shi kai tsaye, cikin zip, da kuma daga filashi. Wannan yana nuna tana aiki ne kawai, ba ma'aunin ƙarfinta ba ne. Ka yi mako biyu kana aikinka na kullum da ita.

In ofis kake saya wa, tambayi ko za a iya sakin sabuntawa ga kwamfutoci rukuni-rukuni, ba duka a lokaci ɗaya ba. Ranar 19 ga Yulin 2024, gurɓatacciyar sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5.